Tambaya da Amsa: Man Larabawa, Kuɗin Turawa da 'Yancin Addini

Tambaya: Malam, ana yawan cewa da ƙasashen Larabawa za su rufe famfon mai na wata guda, da Turawa sun durƙusa sun daina takura wa Musulmin da ke zaune a ƙasashensu. Me ya hana su?

Amsa: An taɓa gwada wannan makami, kodayake a kan Isra'ila aka yi, ba a kan addini ba. Lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa masu mai, da Sarki Faisal na Saudiyya a gaba, suka yanke shawarar rage haƙo mai da kashi 5 cikin 100 duk wata, suka kuma hana Amurka da Holan ko ɗigo. Gangar da ake sayarwa wajen dala 3 ta doshi dala 12 a farkon 1974. Turawa sun ji a jikinsu, amma a watan Maris na 1974 aka janye wa Amurka takunkumin alhali Isra'ila ba ta fice daga yankunan da ta mamaye a 1967 ba.

Tun daga nan Turawa suka shiga toshe ƙofofi. A 1974 suka kafa hukumar makamashi ta IEA, wadda ta wajabta wa mambobinta ajiye man da zai maye gurbin abin da suke shigowa da shi na kwana 90. Amurka ta zuba nata a ramukan gishiri da ke ƙarƙashin ƙasa a Texas da Louisiana. Aka buɗe rijiyoyin Tekun Arewa na Turai da na Alaska, daga baya fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don tatso mai ta ɗaga Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen haƙo ɗanyen mai tun 2018.

Akwai kuma abin da masu wannan magana kan manta: kasuwar mai ɗaya ce. In ka hana Faransa, dillali zai saya a wani wuri ya juya jirgi ya kai mata, farashi kuwa ya hau kan kowa. Yau galibin man Saudiyya Asiya yake nufa, wato Sin, Japan, Koriya ta Kudu da Indiya, don haka abokin cinikinka za ka fara ƙonawa. Mai sayarwa ma ba ya iya jure zama ba ciniki, tunda da kuɗin mai ake biyan albashi. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya tun 1986, dukiyar ƙasashen Gulf mai yawa kuma tana ajiye a bankuna da kamfanonin Yamma, inda sa hannu ɗaya zai iya daskarar da ita.

Tambaya: To su Turawan, me ya sa ba sa tilasta wa Saudiyya ta bari a gina coci, tunda Musulmi na gina masallatai a Turai?

Amsa: Doka tana nan, aiwatarwa ce babu. A 1998 Amurka ta yi dokar 'yancin addini a duniya, wadda ta ba gwamnati ikon sanya ƙasa cikin jerin masu tauye wannan 'yanci sannan ta ɗauki mataki a kanta. An sa Saudiyya a jerin a 2004, saboda hana waɗanda ba Musulmi ba wuraren ibada a fili da kuma ƙorafin 'yan Shi'a na gabashin ƙasar, yankin da man yake. Amma dokar ta bar taga: shugaban ƙasa na iya yafe hukunci idan muradin Amurka ya buƙaci haka, kuma tun 2006 Saudiyya ke cin wannan afuwa. Cinikin makamai, sansanonin soja a yankin da buƙatar farashin mai ya zauna da sauƙi sun fi rahoton shekara kan 'yancin addini nauyi.

Batun "ku ba mu coci mu ba ku masallaci" kuwa, a ganina gurguwar hujja ce. Musulmin Turai da yawa 'yan ƙasa ne, haƙƙinsu daga tsarin mulkin ƙasarsu ya fito, ba su da hannu a dokar Riyad. Kuma can ɗin ma ba fes take ba: Suwizalan ta haramta gina hasumiyar masallaci a 2009, Faransa ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010. Ba ganga ɗaya da aka riƙe saboda waɗannan.

Tambaya: Ke nan kuɗi ba ya taɓa motsa sha'anin addini?

Amsa: Yana motsawa, sai dai ba ta bakin famfo ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi ne, kuma ƙasar da ke neman injiniyoyi, ma'aikatan jinya da masu zuba jari dole ta sama musu wurin ibada. Haka aka buɗe cocin Katolika a Doha a 2008, ba gicciye ba ƙararrawa a waje, aka buɗe babban wurin bautar Hindu a Abu Dabi a 2024. Saudiyya ta karɓe ikon kama mutane daga hannun 'yan hisba a 2016, shekarar da ta ƙaddamar da shirinta na rage dogaro da mai, bayan ganga ta faɗo ƙasa da dala 30.

Ta ɗaya ɓangaren, talakawa ne suka fi gwamnatoci cizo. Bayan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) a wata jaridar Denmark, ƙauracewar masu saye a 2006 ta kusan tsayar da cinikin Arla, kamfanin madara mai hedikwata a Denmark, a Gabas ta Tsakiya. Kamfanin ya yi asara mai yawa, amma dokar ƙasar ba ta canza ba a lokacin. Sai a Disamban 2023, bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani, matsin lambar ƙasashen Musulmi da fargabar tsaro, majalisar Denmark ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2.