'Yata ta ce ita "feminist" ce, me hakan ke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana karatu a jami'a nan Kumasi. Kwanan baya na ji ta ce wa ƙannenta ita feminist ce. Da na tambaya a majalisarmu, sai aka ce min ai sunan macen da ta ƙi aure ta raina maza ke nan. Haka ne? Daga wani uba a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Abin da aka gaya maka ba shi ne ma'anar kalmar ba. Feminist shi ne duk wanda ya yarda cewa ana tauye wa mata haƙƙi don kawai su mata ne, kuma yake son a gyara. A Hausa mun fi cewa mai rajin kare haƙƙin mata. Namiji ma yana iya amsa sunan.

Daga Faransanci kalmar ta fito. A shekarun 1880 wata Bafaranshiya, Hubertine Auclert, ta riƙa kiran kanta da ita a fafutukar neman a bar mata su jefa ƙuri'a, abin da matan Faransa ba su samu ba sai 1944. Ka ga ke nan tun asali maganar haƙƙi ce a gaban hukuma.

A Gana ma ba baƙuwa ba ce. Marigayiya Ama Ata Aidoo, marubuciyar da ta taɓa riƙe ministar ilimi, ta amsa sunan a fili. A Akara aka yi babban taron farko na feminist na Afirka a 2006. Matsin lambar ƙungiyoyin mata ya taimaka ƙwarai aka samu dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007. Matar da mijinta ke duka a Asawase ko Nima tana da inda za ta kai kuka yau, ko da ba ta taɓa jin kalmar ba.

Amma kada in rufe ka, Alhaji, rumfa ce mai faɗi, kuma waɗanda ke ƙarƙashinta ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu ra'ayi a kan aure da iyali wanda Musulmi ba zai karɓa ba. Akwai kuma mata masu riƙo da addini da ke cewa abin da suke nema yana cikin shari'a tun farko: a ba mace gadonta, a bar mata sadakinta, a nemi yardarta kafin a ɗaura mata aure, a sa ta makaranta. Sukan kawo misalin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Ita dai ba ta kira kanta da wannan suna ba, don haka bai dace a liƙa mata shi ba, haka ma duk macen da ba ta zaɓe shi da kanta ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda a zangunanmu kalmar ta koma abin gori. Bazawara ta nemi kuɗin ciyar da 'ya'yanta, ko yarinya ta ce sai ta gama karatu, sai a jefe ta da ita don a rufe mata baki.

Ka kira 'yar taka ku zauna, ka ce ta faɗa maka wane haƙƙi take gani an danne, kuma na wa. In ta kawo maganar 'yan kayayo, wato mata masu dakon kaya, da ke kwana a bakin shaguna a kasuwar Kejetia, ko gadon marayu mata da ake cinyewa, ai kai ma ka san akwai su. In ta kawo abin da ya saɓa wa addini, sai ku tafi tare wurin malamin da ta yarda da iliminsa.