Matambayi Ba Ya Ɓata: "Na dawo daga Indiya, abokaina na cewa imanina ya yi sanyi"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon wasiƙu uku na ware gefe guda, masu su ba su san juna ba amma kusan abu ɗaya ke cin su, wato mutum ya zauna da mai wani addini ko ya gani a waya sai ya ji wani abu ya motsa a zuciyarsa. Na ɗan rage tsawonsu, sunaye kuma na cire kamar kullum.

TAMBAYA TA FARKO, daga Jega

Slm Malam, ina wuni ya aiki. Ni matashi ne shekarata 27, na yi karatun haɗa magunguna a Indiya shekara huɗu kuma ɗaki guda munka zauna da wani yaro ɗan Hindu. Malam wlh yaron ga kullum kafin asuba ya tashi ya yi wanka ya kunna 'yar fitila gaban wani hoto ya zauna shiru kusan rabin awa, bai cin nama, ban taɓa jin ya zagi wani ba, sau da yawa ma shi ka tashe ni sallar asuba in ya ga na makara. Akwai lokacin da kuɗina sunka maƙale kusan wata biyu, shi ya kai ni wurin ibadar 'yan Sikh inda ake ba kowa abinci kyauta, munka cire takalmi munka rufe kai munka zauna ƙasa layi layi, ba wanda ya tambaye ni addinina, na ci ina share hawaye. Tun da na dawo gida in an zauna majalisa ana zagin waɗanda ba Musulmi ba sai in ji raina ya ɓaci, abokaina na cewa na sha ruwan Indiya wai imanina ya yi sanyi. Ni ko ban bar sallah ba, hasali ma yanzu na fi kula da ita. Dan Allah Malam akwai matsala ga imanina?

AMSA

Wa alaikas salam ƙanena. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, wanda imaninsa ya yi sanyi ba ya zama ya rubuto doguwar wasiƙa irin wannan yana tsoron kada ya yi sanyi.

Wasiƙarka ta tuna min lokacin da na yi bautar ƙasa a kudu. Wata dattijuwa Kirista ce mai gidan da na kama ɗaki, garin babu masallaci kusa balle ka ji ladan. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, kuma kullum ƙarfe biyar na asuba zan ji ta sauko daga gado, in ji ƙarar gwiwarta a kan siminti, ta fara addu'a tana kiran sunan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta gama ta shiga sunayen 'yan haya, har da nawa wanda ko faɗinsa daidai ba ta iya ba. Ni kuma ina kwance kan katifa, ni da aka wajabta wa sallah a daidai wannan lokacin. Gaskiya kunya ce ta fara tashe na, daga baya abin ya bi jikina. Ban zama Kirista ba ko kusa, amma asubar da nake tashi yau akwai hannun matar nan a ciki, kuma ina yi mata addu'ar alheri har gobe.

To abin da ya same ka ke nan. Ka ga wani ya riƙe nasa da hannu biyu sai ka waiwayo ka dubi yadda ka riƙe naka. Ɗauki abincin nan da ya sa ka hawaye. Su 'yan Sikh suna kiransa langar, al'ada ce tun zamanin Guru Nanak wanda ya kafa addinin, an haife shi a 1469 a yankin Punjab, kuma a babban wurin ibadarsu na Amritsar dubban mutane ne ke cin abinci kyauta kowace rana, attajiri da talaka duk a ƙasa ake zama. Yanzu ka tuna Abdullahi bn Salam, babban malamin Yahudawan Madina kafin ya musulunta. Ya ce da Annabi (SAW) ya iso Madina ya je ya dubi fuskarsa, farkon abin da ya ji daga bakinsa shi ne a yaɗa sallama, a ciyar da abinci, a yi sallah da dare mutane na barci. Ka ga ciyarwar nan tana cikin gidanmu tun ranar farko, mu ne muka bar ta sai watan azumi. Ka zaga kasuwar Jega da tsakar rana ka ƙirga yara nawa ke yawo da roba a hannu. In hawayen da ka yi a Indiya ya sa ka ɗora tukunya ko sau ɗaya a sati a ƙofar gidanku, wallahi ka dawo da riba.

Kuma kada wani ya ce maka sanin addinin wasu baƙon abu ne a Musulunci. Albiruni ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafi sukutum a kan Indiya wajen shekarar 1030, yana kawo abin da suka yi imani da shi yadda su suke faɗinsa. Shahrastani wanda ya rasu a 1153 ya rubuta Almilal wan Nihal a kan addinai da ƙungiyoyi. Wannan bai hana su zama malaman Musulunci ba.

Batun zagi kuwa ranka ya yi daidai da ya ɓaci. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa domin kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Kuma yana cikin Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne?

Amma fa akwai iyaka, kuma ba zan ɓoye maka ba. Fitilar nan gaban hoto ba tamu ba ce, mu Allah ɗaya muke fuskanta ba tare da hoto ko tsani ba. Abokinka ya yarda rai na mutuwa ya sake dawowa a wani jiki sau da yawa, mu mun yarda mutuwa ɗaya ce sai tashin kiyama. Waɗannan ba ƙananan bambance bambance ba ne, duk wanda ya ce maka ai duk addinai ɗaya ne bai girmama naka ba bai girmama na abokinka ba, don shi ma in ka tambaye shi zai ce ba ɗaya ba ne. Ka so shi, ka riƙa kiransa a waya, ka yi masa addu'ar shiriya, ka tsaya a kan tauhidinka. Su kuma 'yan majalisa kada ka yi musu da su, ranar da aka fara zagin ka ba su labarin wanda ke tashinka sallar asuba, ka yi shiru.

TAMBAYA TA BIYU, daga Zuru

Malam barka da aiki. Ni Musulma ce, babana Musulmi ne amma kakata ta wajen uwa Kirista ce kuma ita ta raine ni tun ina shekara uku. Har yau in na je gaishe ta sai ta ɗora hannu a kaina ta yi min addu'a da yarenmu, in ji sanyi a raina. Ni ma na lura in zan roƙi Allah sai in riƙa magana kamar yadda take yi, ina gaya masa damuwata dalla dalla da yarenmu. Wata ƙawata a Islamiyya ta ce wannan ɗabi'ar coci ce, kuma wai in rage zuwa gidan. Abin ya hana ni barci.

AMSA

'Yar'uwa Allah ya ba ki lada, ya ƙara wa Kaka lafiya. Maganar rage zuwa gidan ki ajiye ta gefe tun yanzu. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan addinin Ƙuraishawa na da, Asma'u ta tambayi Annabi (SAW) ko ta sada zumunci da ita, ya ce eh ki sada da mahaifiyarki. Suratu Luƙman aya ta 15 ma ta ce ko da iyaye sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Balle Kaka da ba ta taɓa cewa ki bar sallah ba, ta goya ki ta yi miki wanka ta kai ki makaranta.

Ƙasar Zuru ai haka take tun fil azal, gida ɗaya ka samu mai zuwa masallaci da mai zuwa coci da tsohon da bai bar na gargajiya ba, lokacin bikin Uhola kowa ya hallara. Wanda bai taso a irin wannan gida ba ba zai gane nauyin abin da yake cewa ki yanke ba.

Addu'ar ce na fi so mu tsaya a kai. Sallah tana da lafazinta da Larabci, wannan ba a taɓa shi. Amma in kin sallame kin ɗaga hannu, wane ne ya ce Allah sai da Larabci yake ji? Ki duba farkon Suratu Maryam ki ga yadda Annabi Zakariyya ya kira Ubangijinsa a asirce, yana cewa ƙashina ya yi rauni kaina ya cika da furfura, ina tsoron dangi a bayana, matata ba ta haihuwa. Dalla dalla ke nan. Annabi Yaƙub ya ce ni ga Allah kawai nake kai kukana da baƙin cikina. Da yawanmu mun haddace addu'o'i muna zubo su kamar karatun allo zuciya na kasuwa, ke kuma Allah ya sa kin koyi buɗe ciki a gaban Mahalicci tun kina goye. Abin lura ɗaya ne, wa kike kira. Ita Kaka tana rufe tata da sunan Yesu, ke kuma Allah shi kaɗai kike roƙo, Annabi Isa (AS) a wurinki bawan Allah ne kuma manzonsa. Muddin wannan na nan daram, ki ci gaba da roƙonki da yarenku, ki haɗa da waɗanda suka zo a hadisi. In kin je gaishe ta ki riƙe mata sabulu da ɗan sukari, tsofaffi na jin daɗin wannan.

TAMBAYA TA UKU, daga Argungu

Malam ni gsky yanzu na kowa nake ɗauka kaɗan kaɗan, ina sallah amma ina bin masu koyar da zaman shiru na 'yan Buddha a TikTok kuma na yarda da karma. Ina ganin haka ya fi faɗi. Mi kag gani?

AMSA

Ɗana, na ji daɗi da ka faɗi gaskiyarka, ni ma zan faɗa maka tawa. Abin da ake sayar maka a bidiyon minti ɗaya ko su masu addinin ba za su gane shi ba. Karma a wurin 'yan Hindu da 'yan Buddha ba ita ce "alhaki kwikwiyo ne" da muke faɗa ba, tana ɗaure ne da imanin cewa aikinka shi zai yanke irin rayuwar da za a sake haifarka a ciki. In ka ɗauke ta ka ɗauki sake haihuwa, ina za ka kai hisabi, ina za ka kai tuba da gafara? Taura biyu ba ta taunuwa.

Zaman shirun ma ba a banza yake tsaye ba. Buddha ya koyar da cewa kwaɗayin rai shi ne tushen wahala, ya shimfiɗa hanya mai rassa takwas, zaman shiru yanki ne kawai a ciki. Sufayensu na Tailan da Siri Lanka dokoki 227 suke bi, ba sa cin abinci in rana ta raba. Wato su ma da wahala da malami da shekaru suka samu natsuwar da ka gani a fuskarsu. Mai tsintar na kowa yakan tsinci mai daɗin ne ya bar mai wuyar, kuma mai wuyar shi ke gyara mutum.

Ni abin da na karanta a wasiƙarka ƙishirwar natsuwa ce, kuma ƙishirwa ce ta gaske, don sallar da yawanmu ta koma sauri sauri kamar ana korarmu. Imam Gazali yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza irin wannan ƙishirwa ta kama shi har harshensa ya kasa koyarwa, a 1095 ya bar kujerar ya fita, ya yi kusan shekara goma a keɓe yana gyaran zuciya. A nan gida ma su Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke Gwandu, ba su raba karatu da zikiri da tarbiyyar zuciya ba. Zama ka lura da numfashinka don hankali ya kwanta ni ban ga laifinsa ba in babu kiran wani abin bauta a ciki. Amma ka gwada wannan na kwana arba'in, bayan asuba kada ka taɓa waya, ka zauna inda ka yi sallah har gari ya waye, ka yi azkar a hankali kana jin ma'anar kowace kalma, da dare kuma kafin ka kwanta ka tambayi kanka wa na ɓata wa rai yau. In ka cika kwanakin ka sake rubuto min abin da ka ji, zan buga shi in ka yarda.

Masu wasiƙu daga Yauri da Kamba ku yi haƙuri fili ya cika, naku na nan a hannuna sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.