Salla da tsarki ga wanda ya kai ziyara cikin jirgin ruwa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Agege ne. Wani tsohon abokina Musulmi da matarsa sun mai da ƙaramin jirgin ruwa gidansu, irin mai tafiya da iska, suna bin gaɓar teku daga ƙasa zuwa ƙasa. Yanzu sun tsaya wajen Tarkwa Bay, a bakin tekun Legas, sun gayyace ni da maiɗakina mu kwana biyu, har da maganar mu raka su Kwatano. Ya halatta mu je? Yaya za mu yi da alwala da alƙibla, kuma za mu yi kasaru tare da su?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malam, zuwan ya halatta, kai da iyalinka. Allah ya ambaci hore mana teku cikin ni'imominsa a Suratul Jasiya, aya ta 12, kuma sahabbai ta jirgi suka yi hijira zuwa Habasha. Malamanmu na Malikiyya sun sa sharaɗi biyu: kada halaka ta fi rinjaye a zato, kuma kada hajijiyar ruwa ta sa mutum ya tozarta rukunin salla. Na farkon, mai jirgi za ka tambaya, musamman da damina. Rigar ceto kuma a sa ta, barinta ba tawakkali ba ne. Na biyun kai ka san jikinka. In ba ka taɓa hawa ba, kwanan farko a tsaye wuri ɗaya shi ne gwajinka kafin ka amsa zancen Kwatano.

Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani ya ce wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna hawa teku da ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, sai ya amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Halin masu masaukinka ke nan, tankinsu a lissafe yake, don haka kada ka ƙarar musu da ruwan sha kamar kana gaban famfon masallaci. Mudun Annabi guda, wato sama da rabin lita kaɗan, ya ishi alwala. Sai dai Legas Legas ce. Ruwan wajen Apapa da cikin tasha sau da yawa za ka ga man jirgi na ƙyalli a samansa, ga shara, ga wari. In launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ya canza saboda abin da aka zuba, ba a alwala da shi. Gishiri da laka na wurin ba sa cutarwa. Ka jefa bokiti mai igiya ta gaban jirgi, nesa da inda bututun bayi ke zubarwa, ka duba ka shinshina. Ka sa dutsen taimama a jaka, domin jikin irin wannan jirgi roba ce da katako, ba a taimama da su a mazhabarmu. Amai ba ya warware alwala, amma in ya canza daga yanayin abinci najasa ne, a wanke baki da tufa.

Alƙibla ita ce inda mutane suka fi kuskure. Daga Legas tana wajen digiri 63 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa, kuma kowane jirgi na da kamfas a gaban matuƙi. Abin da baƙo bai sani ba shi ne, jirgin da aka jefa wa ƙugiya ɗaya, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don ya riƙe shi, ba a tsaye yake cak ba. Yana juyawa da iska da cikar teku da janyewarta, ruwan kuwa yana sauya hanya kusan kowace awa shida. Inda ka fuskanta da azahar yana iya zama bayanka da magariba. Saboda haka kowace salla da dubanta. In jirgi ya juya kana cikin farilla, ka juya ka koma alƙibla ba tare da ka yanke ba, haka Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar, matuƙar juyawar za ta yiwu. In wuri ya matse ba hali, ka ci gaba, sallarka ta yi. Ya fi sauƙi ka roƙi mai jirgi ya riƙe hanya ɗaya na minti biyar.

Tsayuwa farilla ce, jirgi bai sauke ta ba. Ka fara da tsayuwa da ƙafarka, ka ɗan ware su. In ta gagara, ka tsaya kana riƙe da ƙarfe ko igiya. Sai wannan ma ya gagara, ko ka ji tsoron faɗawa ruwa, sannan ka zauna. Tsallake mataki da gangan yana ɓata salla. In wuri ba zai ɗauki sahu ba ku yi bi da bi, in kuma akwai ƙaramin kwalekwalen da zai sauke ku a gaɓa cikin sauƙi, salla a kan yashi ta fi natsuwa.

Kasaru kuwa, hukuncinka daban, nasu daban. Kai a Tarkwa Bay mazaunin gari ne, raka'a huɗu za ka yi, ko da igiyar ruwa ta hana ka barci. Su matafiya ne a wurin Malikiyya ko da jirgin ne gidansu kuma iyali na ciki, Hanbaliyya ne suka ce irin wannan ya cika. Amma in sun yi niyyar zama a Legas kwana huɗu cikakku, kasaru ta yanke. In jiran iska suke ko wani kayan gyara, kullum suna cewa gobe ko jibi, suna nan kan kasarunsu. Mazauni ya bi matafiyi makaruhi ne amma ta inganta: shi ya sallame a raka'a biyu, kai ka tashi ka ciko. In Juma'a ta riske ka a nan, ka sauka ka nemi masallaci, uzurinsu ba naka ba ne.

Tafiyar Kwatano ta haura kilomita 100, iyakar kasaru kuwa mil 48 ce, kimanin kilomita 80, a tudu ko a ruwa. Za ka fara kasaru ne bayan jirgi ya fita mashigar tasha ya bar gine-ginen gari. Haɗa azahar da la'asar saboda tafiya, a mashhurin mazhabarmu rangwame ne na tudu kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda da shi a teku. Abin da nake gani, ka yi kowace a lokacinta, sai ranar da teku ta haukace ka ji tsoron sallar za ta kuɓuce, to ka haɗa bisa maganarsu, ba laifi.

Saura zaman tare. Jirgi gida ne, sallama da neman izini kafin shiga suna nan daram. Ɗakunan ƙanana ne, wani labule kawai ya raba su, don haka tun kafin ku je ku daidaita makwanci: kai da maiɗakinka gefe guda, kuma kada a bar namiji da matar da ba tasa ba su kaɗai a ciki yayin da sauran suka sauka gaɓa. Maiɗakinka kuma ta sa wando a ƙarƙashin hijabi, wanda bai cika jan ƙasa ba, saboda iska da tsanin hawa.

Allah ne mafi sani.