Hukuncin Fita Da Kare Zuwa Wurin Shan Iska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Njamena, ina da karen gadi. Idan zafi ya matsa, mukan je bakin kogin Shari shan iska da yamma, yara kuma sun nace sai an tafi da shi. Wani dattijo ya ce mini haramun ne, wai kare najasa ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Baba ya kyauta da ya tsayar da kai, sai dai dalilinsa ba na mazhabarmu ba ne. A wurin Imam Malik kare mai rai mai tsarki ne har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya ne suka ce najasa ne.

Matsalar tana wani wuri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta, kiwo ko noma ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi, wato wani kaso, na lada. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida da waɗannan saboda buƙata. To, gadin me zai yi a bakin kogi?

Can kuwa ga mata na wanki, ga yara na wasa a yashi, ga dattawa sun shimfiɗa tabarma suna jiran Magariba. Karenka ya san 'ya'yanka, bai san na wani ba. Annabi (SAW) ya hana tsorata Musulmi, ya kuma hana cuta da cutarwa. Ga ciwon haukan kare, wanda ba a cika tashi ba idan alamunsa suka bayyana. Shi ya sa aka yi gangamin yi wa karnukan Njamena riga-kafi a 2012 da 2013.

Saboda haka fita da shi don nishaɗi makaruhi ne, idan kuma zai firgita mutane ko yana cizo, haramun ne. Ka bar shi gida, ka rarrashi yaran. In lalura ta kama, kamar kai shi wurin likitan dabbobi, ka sa masa sarƙa da takunkumi, ka kauce wa cunkoso, ka kwashe kashinsa. Idan ka san yana cizo ka sake shi ya ji wa wani rauni, ramuwar tana wuyanka. Wanda aka ciza a wanke masa wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti.

Wallahu a'alam.