Tarakta ta mutu bayan canjin filta: in sayi wani famfon?

Tambaya daga wani manomi a Daura: Assalamu alaikum. Na canza filtar gas a taraktata Massey Ferguson 375, ta tashi ta yi kamar minti biyu sai ta mutu, har yau ta ƙi. Mun yi ta kik har batir ya kwanta. An ce mini famfon injekta, mai tura wa inji mai, shi ne ya lalace, in nemi ɗan kwatano. Ga damina ta matso. In saya?

Wa'alaikumus salam. Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Famfon da ya yi aiki lafiya da safe ba zai mutu da rana ba don kawai an kwance filta. Minti biyun nan da ta yi, ragowar man da ke cikin bututu ta sha, da ya ƙare sai iskar da ke cikin sabuwar filta ta iso. Shi gas ba ya matsuwa, shi ya sa famfo ke iya tura shi da ƙarfi har ya buɗe bakin nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji. Iska kuwa matsewa take yi ta dawo, nozul bai buɗe ba, wuta ba ta kama ba.

Ka fara da zuba mai sosai a tanki, ka tabbata makunnin man a buɗe yake. A saman kan filta akwai ɗan noti na fitar da iska. Sassauta shi kaɗan, kada ka cire. A gefen inji akwai ƙaramin famfo mai hannu, ka yi ta danna shi. Da farko za ka ji huci, sai kumfa fari ya biyo baya yana tsartuwa. Kada ka gaji a nan, nan ne mutane ke yin gaggawa. Sai ka ga mai na fita sumul babu ƙwayar kumfa ko ɗaya, sannan ka ɗaure notin hannunka na kan dannawa. Idan ka ji hannun famfon sakwaf ba ya jan komai, ɗan juya injin kaɗan, wani lokaci inda ya tsaya ne ke danne shi.

Daga nan ka koma jikin famfon injekta, akwai irin wannan noti guda biyu, ka yi musu haka, na ƙasa kafin na sama. In har yanzu ta ƙi, sassauta notin bututun nozul biyu, a yi kik har mai ya fara tofowa, a ɗaure. Kik ɗin kada ya wuce daƙiƙa 15 a lokaci guda, a bar shi ya huce. Ina jin takaicin yadda ake ƙona kik mai tsada saboda aikin sifana ɗaya. Kuma don Allah kada a shaƙa mata tsumman fetur a hanci, yana illata inji. Batirin caji kawai yake so.

Tambaya daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Hilux gare ni ta gas, ƙirar 2012. Yaron gareji ya ce sai ya kwance bututun nozul don ya cire iska. Kuma filta iri biyu aka nuna mini, ɗaya rabin kuɗin ɗaya.

Malam, hana shi. Galibin motoci irin taka injinsu na zamani ne da kwamfuta ke sarrafawa, ƙarfin man da ke cikin bututun nan yana iya haura 1,000 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", yana iya huda fatar hannu ya shige nama. Akwai famfon hannu a saman filtarka, a danna har ya yi tauri, sannan a tayar. Filta kuwa, sayi mai tsadar in ka tabbatar ta asali ce. Nozul ɗin irin wannan inji ba ya haƙuri da datti ko ruwa, ga ƙurar hunturu, ga man jarka. Saboda haka ma ban so a cika sabuwar filta da man da ba a tace ba kafin a ɗaura.

Tambaya daga Mai'aduwa: Janaretana kullum da safe sai na cire masa iska.

To akwai inda take shiga. Duba ko tsohuwar robar filta ta maƙale an ɗora sabuwa a kanta, ko tiyo ya tsage, ko washar jan ƙarfe ta gaji. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, ka tayar, ka zuba ido. In ka ga kumfa na wucewa, ɓarnar tana daga nan zuwa tanki. Washa da tiyo da kilif za ka saya, sababbi, kada ka mayar da tsohuwar washa.