Yadda Ɗaliban Aji Ɗaya Za Su Yi Tarayya a Katunan Bita na Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar ilimin halittu ce a wata makarantar sakandare, kuma ɗalibaina suna shirin jarrabawar WAEC da NECO. Na ji labarin katunan bita na waya, masu tambaya a gaba da amsa a baya. Ta yaya zan sa su haɗa katunan tare su kuma rarraba wa juna, alhali yawancinsu ba kullum suke da data ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tun da matsalar data ce a gabanku, manhajar da zan ba ki shawarar amfani da ita ita ce Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Kyauta ce a kwamfuta, haka ma 'yar uwarta AnkiDroid a wayoyin Android, sai dai ta iPhone ce ake saye. Wata manhajar katunan mai suna Quizlet ta fi ta kyan gani, amma wasanninta na aji suna buƙatar intanet, ita kuwa Anki da zarar katunan sun shiga waya ba ta neman komai.

Amfaninta yana cikin yadda take tsara maimaici. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo. Saboda haka katin da ɗalibi ya kasa yakan dawo masa da wuri, wanda ya iya kuwa sai tazararsa ta riƙa ƙaruwa, kamar yadda mahaddaci yake yawaita tilawar sabuwar hadda fiye da wadda ta daɗe da zama. Wannan ne ya sa nake jan hankalinki a kan abu guda: a raba katuna, amma kada ɗalibai su yi tarayya a asusu ɗaya, domin tarihin bitar kowa zai cakuɗe da na wani, manhajar ta ɓoye wa mai rauni katin da mai ƙoƙari ya riga ya iya.

Rubuta katunan shi ne rabin karatun, don haka kada ki ɗauke musu shi. Ki kasa ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da darasinsa, su rubuta tambayoyi da amsoshi a takarda, wani rukunin ya duba ya yi gyara, sannan su kawo miki. Kuskure ɗaya da ya tsallake idonki, ajin gaba ɗaya ne zai haddace shi, kuma cire shi daga ka ya fi sa shi wuya. Ki dage a kan cewa kowane kati abu ɗaya zai tambaya. “Bayyana yadda jini yake zagaya jiki” tambayar rubutu ce, ba ta kati ba, “Ɗakuna nawa ne a zuciyar ɗan Adam?” ita ce irin wadda ake amsawa cikin daƙiƙa biyar. Tun da da Turanci za a yi jarrabawar, a bar kalmomin fanni yadda suke a littafi, a ƙara ɗan bayani da Hausa a bayan katin.

Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙe asalin ƙunshin katunan a manhajar, ke ko wani ɗalibi amintacce. Idan an gama shigar da katunan, sai a fitar da su a fayil mai ƙarewa da .apkg, a tabbatar an cire alamar da take haɗawa da tarihin bita, a tura ta WhatsApp sau ɗaya, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth ba tare da kashe ko sisi ba. Idan daga baya aka yi gyara a asalin aka sake turawa, Anki takan sabunta tsofaffin katunan maimakon ta ninka su.

Manhajar tana zuwa da sabbin katuna 20 a rana, amma a ganina 10 sun ishi ɗalibin da yake fama da darussa takwas ko tara, domin bitar da take taruwa bayan mako biyu ita ce take karya gwiwa. Waɗanda ba su da waya kuma kada a bar su a baya. A kwafa musu katunan a kan yankakken kwali, su bi tsarin akwatuna da marubuci Bajamushe Sebastian Leitner ya bayyana a 1972: katin da aka amsa daidai ya matsa akwati na gaba wanda ba a yawan buɗewa, wanda aka kasa ya koma na farko wanda ake dubawa kullum.