Amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Amurka karatun kwamfuta

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, kuma wai kin ji kamfanonin fasaha na nan Amurka rububin ɗaukar baƙaƙen fata suke yi, musamman mata. Kina so ki san ko haka ne, kuma in an shiga ko ana samun ƙarin girma.

Labarin da kika ji ya kwana biyu. A 2014 da Google ya fara bayyana alƙaluman ma'aikatansa, baƙaƙe kashi 2 ne cikin 100 na ma'aikatansa a Amurka. Bayan kisan George Floyd, wani baƙar fata, a hannun ɗan sanda a Minneapolis a 2020, kamfanoni suka yi ta alkawura, aka buɗe ofisoshi na musamman don jawo irinmu. Sai iska ta juya. A Yunin 2023 kotun ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a farkon 2025 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe irin waɗannan shirye-shirye, Google ma ya janye ƙudurinsa na cike wani adadi na irinmu a cikin ma'aikatansa. Kada ki taho kina dogaro da wannan ƙofa.

Takardu ma ki sa su a lissafi. Bayan kammala karatu ana ba ki izinin aiki na wata 12, masu fannin kimiyya a ƙara musu 24. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B, gurbi 85,000 a shekara, kuma da ƙuri'ar sa'a ake zaɓen masu samu.

Ƙarin girma kuwa, nan ne tarbiyyarmu take kayar da mu. An rene mu a kan yabon kai jahilci, a nan kuma da yabon kai ake hawa. Lokacin tantance ƙwazon ma'aikata ke za ki rubuta abin da kika yi da hannunki, manajanki ya ɗauki takardar ya shiga ɗaki da sauran manajoji, ke ba ki nan. In kin cika ta da "mun yi, mun gyara" saboda kunya, ba shi da abin da zai kare ki da shi. Na ga 'yan Afirka da suka fi kowa iya aiki suna zaune a mataki ɗaya, wanda suka koya wa aikin ya zama shugabansu. Wariya tana nan, ba na musu, har akwai mai ganin mayafinki ya ɗauka ba za ki iya jan ragama ba. Amma shirunmu yana sauƙaƙa musu. Ki buɗe fayil, duk Juma'a kafin ki tashi ki rubuta matsalar da kika warware da awannin da kika rage wa mutane. Ki kuma nemi babba guda da zai ambaci sunanki a wancan ɗaki. Ba sai kin bi su mashaya ba, cin abincin rana tare ya isa.

Da kin sauka ki shiga ƙungiyar baƙaƙen injiniyoyi ta NSBE, wadda take nan tun 1975, kamfanoni na ɗaukar ma'aikata a wurin taronta. Kuma don Allah kada ki biye wa 'yan uwanmu masu raina baƙaƙen Amurka. Gwagwarmayarsu ce ta haifi dokar 1964 da ta haramta wariya a wurin aiki, kuma sun fi mu sanin lungunan gidan.

Ki turo min takardar tarihin karatunki in duba kafin ki fara neman aikin hutu. Ki gaida su Umma.